Yadda Ake Aiki da Kamfas: Arewar Maganaɗisu da Arewa ta Haƙiƙa

Duk wanda ya ɗora kamfas a tafin hannunsa, ya ga allurar ta yi lilo sannan ta tsaya, abin da zai zo masa a rai shi ne jan kanta ya nuna arewa, magana ta ƙare. Amma arewar da allura take nunawa daban take da arewar da ake zana taswira da ita, kuma daban take da wadda masana suke lissafin alƙibla da ita. Wanda bai san wannan ba yana iya riƙe kamfas mai kyau, ya karanta lambarsa daidai, ya kuma ɓulla inda bai nufa ba. Wannan bayani ya shafi mai shirin aza harsashin masallaci, da ɗalibin aikin safiyo, da matashin da ke burin shiga makarantar horas da hafsoshin soja da ke nan Kaduna, da manomin da ya gaji tsohuwar takardar gona yana so ya gane inda iyakarsa ta bi.

Arewa kashi uku ce

Ta farko ita ce arewa ta haƙiƙa. Duniya tana juyawa ne kamar yadda mazari yake juyawa a kan tsinkensa, kuma wurin da wannan tsinke ya ɓullo ta sama shi ne ƙurewar arewa. A wajen mai tafiya wannan wuri ba ya gusawa, kuma tauraron arewa yana zaune kusa da saitinsa, ratarsu ba ta kai digiri 1 ba.

Ta biyu ita ce arewar maganaɗisu, kuma ita kaɗai allura ta sani. A ƙarƙashin ƙafafunmu, daga zurfin kimanin kilomita 2,900, akwai narkakken ƙarfe da ke motsi ba dare ba rana, kuma wannan motsi ne yake haifar da ƙarfin maganaɗisun da ya lulluɓe duniya. Tun da abin da ke haifar da shi ruwan ƙarfe ne mai kai da komo, wurin da ƙarfin yake nutsewa kai tsaye cikin ƙasa, wanda ake kira ƙurewar maganaɗisu ta arewa, shi ma ba ya zama wuri ɗaya. Mai bincike ɗan Birtaniya James Clark Ross ya iske shi a 1831 a yankin Boothia da ke arewacin Kanada. Da mai bincike ɗan Norway Roald Amundsen ya sake aunawa a 1904 sai ya tarar ya matsa. Daga shekarun 1990 gudunsa ya ƙaru har ya haura kilomita 50 a shekara, ya bar Kanada ya nufi Siberiya ta ƙasar Rasha, sannan a 'yan shekarun nan ya sassauta zuwa kimanin kilomita 35 a shekara.

Akwai abin da ya kamata a fahimta da kyau a nan, domin da yawa daga masu koyar da kamfas suna tsallake shi. Allura ba ta hango wancan wuri daga nesa ta nuna shi. Tana kwanciya ne bisa yadda ƙarfin maganaɗisu ya ratsa daidai inda kake tsaye, kuma wannan ƙarfi yana lanƙwasa daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga tudu zuwa tudu idan duwatsun wurin suna da tama. Saboda haka sanin inda ƙurewar maganaɗisu take a bana bai isa ya gaya maka inda allurarka za ta nuna a Kawo ko a Kakuri ba. Sai an auna, ko a duba lissafin waɗanda suka auna.

Ta uku ita ce arewar taswira, wato layukan da aka ja a tsaye a kan takarda. Da yake duniya mulmulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya, waɗannan layuka suna ɗan saɓa wa arewa ta haƙiƙa. A Kaduna saɓanin bai kai sulusin digiri ba, saboda muna kusa da tsakiyar yankin da ake lissafa taswirarmu da shi, don haka mai tafiya da ƙafa yana iya kau da kai daga gare shi. Safiyo ne ba shi da wannan damar.

Karkatar allura da abin da take jawowa

Ratar da ke tsakanin arewa ta haƙiƙa da arewar maganaɗisu ita ce karkatar allura, kuma da digiri ake auna ta. Idan jan kan allura ya faɗa dama da arewa ta haƙiƙa, a ce karkatar ta gabas ce. Idan ya faɗa hagu, ta yamma ce. Masana sun daɗe da sanin wannan, domin Shen Kuo na ƙasar Sin ya rubuta shi tun 1088, kuma masanin taurari ɗan Ingila Edmond Halley ya fitar da taswirar karkatar a Tekun Atalantika a 1701 don amfanin matuƙan jiragen ruwa. Birnin Landan ya isa misali kan yadda abin yake sauyawa: a 1580 allura ta karkata gabas da kusan digiri 11, zuwa wajajen 1820 ta koma yamma da kusan digiri 24, sannan a watan Satumba na 2019 ta nuna arewa ta haƙiƙa a unguwar Greenwich ta Landan, karo na farko cikin kimanin shekaru 360. Hatta lambobin da ake rubutawa a bakin titin saukar jiragen sama daga arewar maganaɗisu ake ɗaukarsu, shi ya sa filin jirgin Stansted na Ingila ya sauya lambar titinsa daga 05/23 zuwa 04/22 a 2009.

Mu a Kaduna mun yi dace a wannan zamani, domin karkatar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, tana kusa da sifiri. Sai dai a ganina wannan dacen ne ya fi komai sa mutane sakaci. Ba haka take ba a shekarun 1960, lokacin da aka zana da yawa daga taswirorin da har yau ake amfani da su, domin a wancan lokaci allura ta karkata yamma da digiri masu dama. Wanda ya ɗauki lambar da aka auna da kamfas a tsohuwar takardar gona, ya ɗora ta a kan kamfas ɗinsa na yau ba tare da gyara ba, layinsa zai kauce daga na mai awon farko, alhali kowannensu ya karanta abin da allurarsa ta nuna.

Lissafin asarar mai sauƙi ne. Kuskuren digiri 1 yana kautar da kai kimanin mita 17 da rabi a kowace kilomita 1, wato kusan kilomita guda idan ka yi tafiyar kilomita 60. Kuskuren digiri 5 a tafiyar kilomita 2 yana kai ka mita 175 daga inda ka nufa, kuma a damina, lokacin da dawa da masara suka fi mutum tsawo, wannan ya isa ka wuce rijiya ko turken iyaka ba ka gan shi ba.

Domin ka san karkatar ta yau, hanya mafi inganci ita ce lissafin maganaɗisun duniya wanda hukumomin Amurka da Birtaniya suke sabuntawa duk bayan shekaru 5. Na baya-bayan nan ya fito a watan Disamba na 2024, kuma a farkon 2019 sai da aka fitar da gyara kafin lokaci saboda saurin da ƙurewar maganaɗisu take yi. Akwai shafukansu a intanet inda za ka shigar da wurinka da kwanan wata su ba ka lambar. Kaduna tana kan kimanin digiri 10.5 arewa da digiri 7.4 gabas. A gefen kowace taswira mai kyau kuma za ka ga zanen kibau uku, tare da shekarar da aka auna karkatar da yawan sauyinta a shekara. Ka karanta shekarar kafin ka karanta lambar. Idan taswirar ta haura shekaru 20, kada ka dogara da ninka sauyin shekara-shekara, domin saurin sauyin shi kansa yana sauyawa.

Daga taswira zuwa ƙasa

Kamfas ɗin da ya fi dacewa da mai koyo shi ne mai faranti na roba da ake ganin abu ta cikinsa, da zobe mai juyawa wanda aka raba zuwa digiri 360, da kibiyar tafiya a goshin farantin. Ka shimfiɗa taswira, ka ɗora gefen farantin ya haɗa inda kake da inda za ka, kibiyar tafiya tana duban inda za ka. Sai ka juya zoben har layukan da ke cikinsa su yi daidai da layukan tsaye na taswira, alamar arewa ta zoben tana duban saman takarda. A wannan mataki ba ruwanka da allura. Lambar da ta faɗo a gindin kibiyar tafiya ita ce saitinka bisa taswira.

Yanzu sai gyara. Idan karkatar ta yamma ce, ka ƙara ta a kan lambar. Idan ta gabas ce, ka rage. A ce taswira ta ba ka digiri 120, karkatar wurin kuma digiri 2 ce yamma, to 122 za ka sa a zoben. Dalilin a fili yake: allura ta fara ƙidaya daga hagu da arewa ta haƙiƙa, don haka kowane saiti zai fi yawa a wajenta da gwargwadon wannan rata. Idan kuwa daga ƙasa za ka koma taswira, wato ka auna wani dutse da kamfas kana so ka zana layinsa a takarda, sai ka juya ƙa'idar, ka rage ta yamma ka ƙara ta gabas. Gara ka riƙe dalilin da ka haddace ƙa'idar, domin haddar tana rikicewa idan gajiya ta zo.

Bayan gyara, ka riƙe kamfas a kwance daidai cikinka, kibiyar tafiya tana duban gabanka, ka juya jikinka gaba ɗaya, ba hannunka kaɗai ba, har jan kan allura ya kwanta a kan alamar arewa ta zoben. Ka ɗaga kai ka zaɓi abin da ke kan layin, kamar kuka, ko hasumiyar masallaci, ko tsinin dutse, ka tafi gare shi ba tare da ka ƙura wa kamfas ido ba, in ka isa ka sake aunawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwantar da farin kan allura a inda jan ya kamata ya kwanta, sai mutum ya juya wa inda ya nufa baya.

Idan abin da kake nema yana bakin kogi ko hanya, kamar mashigi a Kogin Kaduna, dabara ita ce ka kauce da gangan digiri kaɗan zuwa dama ko hagu. In ka isa bakin ruwa ka riga ka san ɓangaren da za ka juya, maimakon ka tsaya kana wasiwasi. Mai koyo kuma ya gwada kansa a fili mai faɗi kamar Dandalin Murtala, nesa da shingen ƙarfe: ya ajiye dutse, ya yi taku 50 a digiri 40, taku 50 a digiri 160, taku 50 a digiri 280. Idan aikinsa ya yi kyau, zai dawo kan dutsensa.

Ƙarfen da ke kusa da kai

A Kaduna ta yau, abin da ya fi ɓata awo shi ne ƙarfen da ke kewaye da mai awo, kuma ɓarnarsa ta ninka ta karkatar allura sau da yawa. Mota, babur, kwanon rufi, ƙofar ƙarfe, rodin da ke cikin siminti, taransifoma, wayoyin lantarki, layin dogo irin na Rigasa, lasifika, wayar salula, har adda ko fartanyar da ke rataye a kafaɗarka, duk suna fizgar allura. Ka gwada da kanka: ka ajiye kamfas a kan tabarma, ka kawo makullin babur kusa da shi a hankali, za ka ga allurar ta bar wurinta ta bi shi. Kafin ka auna komai, ka nisanci abin hawa da taku goma ko fiye, ka ƙara nisa sosai idan layin dogo ne ko babbar wayar lantarki, kuma ka fitar da abin da ke aljihun gaban rigarka.

Masu aikin safiyo suna da hanyar gane ko wuri yana ruɗa allura. Ka tsaya a turke na farko ka auna na biyu, sannan ka je na biyu ka auno na farko. Tsakanin lambobin biyu dole a sami digiri 180 cif. Idan ka sami 75 a tafiya, 255 ya kamata ka samu a dawowa. In ka ga 249 ko 262, to ɗaya daga wuraren biyu yana da abin da ke jan allura, ko a sarari ko a binne, sai ka matsa ka sake. Wannan gwaji ba ya cin minti biyar, kuma ban ga uzurin barinsa ba a duk awon da za a gina wani abu a kansa.

Kamfas ɗin wayar salula shi ma maganaɗisu yake ji, don haka duk abin da ke ruɗa allura yana ruɗa shi, har da rigar wayar idan tana da maganaɗisu a murfinta. Ka cire rigar, ka juya wayar a iska kamar kana zana lamba 8 domin ta daidaita kanta, sannan ka shiga saitinta ka duba wace arewa take nunawa, domin wayoyi da yawa suna ba da zaɓi tsakanin ta haƙiƙa da ta maganaɗisu.

Wajen saye kuma akwai abin lura. Ƙarfin maganaɗisu yana jan kan allura ƙasa a ƙasashen arewa mai nisa, shi ya sa masu ƙera kamfas suke daidaita nauyinta gwargwadon yankin da za a sayar. Layin da ƙarfin yake kwance sarai ya ratsa Najeriya, ba nisa da Kaduna da Zariya, don haka kamfas ɗin da aka yi domin Turai yana iya zuwa nan da allura a jirkice, tana gogar gilashi. Ka kwantar da shi a gaban mai shago, ka juya shi, ka tabbata allurar tana yawo a sake kuma tana komawa wuri ɗaya kowane lokaci.

Fitar da alƙibla

Nan ne bambancin arewa biyu ya fi shafar jama'a. Daga Kaduna, Ka'aba tana kan kimanin digiri 67 daga arewa ta haƙiƙa idan aka ƙidaya ta dama. Gabas sosai digiri 90 ce, saboda haka alƙiblarmu ta karkata daga gabas zuwa arewa da kusan digiri 23, kuma wanda ya bi mafitar rana kawai zai riƙa sauya saiti, domin mafitar tana gusawa daga rani zuwa damina. Lambar 67 daga arewa ta haƙiƙa aka lissafa ta, don haka sai ka yi mata gyaran karkata kafin ka sa ta a zobe, kamar yadda aka yi wa lambar taswira.

Abin da ake yawan gani a wurin gini shi ne a kira mai kamfas bayan an sauke rodi, an tara shi a gefen fili, tifa tana tsaye tana juye yashi. Ya durƙusa a tsakiya ya auna, magini ya ce, “Malam, nan ne?” ya amsa masa da cewa nan ne, a ja igiya a fara haƙa. Ginin da za a yi shekaru ana salla a cikinsa ya cancanci fiye da haka. A yi awon tun fili yana wayam, a yi shi daga wurare uku ko huɗu, a yi gwajin tafiya da dawowa, a kafa turakun itace masu nisa da juna, sannan a tabbatar da rana.

Tabbatarwa da rana ba ta buƙatar komai sai sanda miƙaƙƙiya da igiya. Ka kafa sandar a wuri mai laushi da ya daidaita, ka rataya dutse da zare a gefenta don ka tabbata a tsaye take. Da hantsi ka sa alama a ƙarshen inuwarta, ka ɗaura igiya a gindin sandar ka zana da'ira da ta bi ta kan alamar. Inuwar za ta gajarta har rana ta take tsaka, wanda a Kaduna yakan faɗo wajajen ƙarfe 12:30, sannan ta fara tsawo. Lokacin da ƙarshenta ya sake taɓa da'irar, ka sa alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamomin shi ne yamma da gabas, alamar safe tana yamma, kuma layin da ya ratsa shi a miƙe shi ne kudu da arewa ta haƙiƙa. Ka ɗora kamfas a kan wannan layi, ratar da ka gani tsakaninsa da allura ita ce karkatar wurin tare da duk wani ruɗin ƙarfe da ke nan. Kada ka dogara da cewa inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa, domin daga wajajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa da Kaduna, inuwa kuma ta faɗa kudu. Tauraron arewa ma yana taimakawa, sai dai a nan digiri 10 da rabi kawai yake sama da doron ƙasa, gidaje da bishiyoyi suna tare shi, hazon hunturu kuma yana shafe shi.

Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin ƙarfe 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, kuma inuwar sandar da ke tsaye tana kwanciya a kan layin alƙibla, daga ƙarshen inuwar zuwa gindin sandar. Da yake damina ce, gajimare yana iya hanawa, amma kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta, a daidai wannan lokaci, bambancin kaɗan ne. A shirya sanda da igiya da turaku tun ƙarfe 10, a daidaita agogo da na waya, wani ya riƙe lokaci, wani ya ja layi a kan inuwar da zarar mintin ya cika, sannan a auna layin da kamfas a rubuta lambar da kwanan watan a takardar ginin.